Ɓeran da Ya Miƙe da Ƙafarsa

Ɗakin da aka nuna mini a hoto yana da babbar taga da labule ruwan ƙwai. Wanda aka kai ni a ƙarƙashin bene yake, tagarsa ba ta fi faifai ba, kuma ba na hango komai ta cikinta sai ƙafafun masu wucewa. Dillalin da ya ɗauko ni daga filin jirgi, baƙar fata ɗan'uwana mai daɗin baki, ya ce wancan ɗakin jiya-jiya aka ba wani, in yi haƙurin sati biyu. Ya ajiye mini jaka, ya ce bari ya je ya sayo mini layin waya. Yau shekara huɗu ke nan bai dawo da layin ba.

Haka wani birni na gabashin Turai ya yi mini sannu da zuwa. Na zauna a bakin gado cikin rigar sanyin da na saya a gwanjo a Kano, wadda mai ita ya rantse mini ko cikin firiza na shiga zan yi gumi, haƙorana suna ta haɗuwa.

Sunana Binta. Garinmu ƙauye ne tsakanin Ɗanbatta da Kunci, inda gona ke manne da gona, ba ka sanin inda ta wani ta ƙare sai ka ga layin gamba. Kimiyyar sinadaran jiki na karanta, na kuma koyar da ita shekara shida. Amma tun ranar da aka ga hotona da farar riga, kowa a garinmu Likita yake ce mini. Na gyara, na gyara, har na gaji. Ita kuwa Inna abin daɗi ya yi mata, don ni ce 'yar fari, ba ta kiran sunana, sai ga suna ya faɗo mata a sama.

Abin da ya kai ni can ƙanwata ce, Saude. Tana shekara ta uku a gidan mijinta Iro, manomin gyaɗa, ta wayi gari ta ce ƙafarta ta dama kamar ba tata ba. Aka sha rubutu, aka yi hayaƙi, wasu suka ce iska, wasu suka ce hannun mutum. Da ƙyar na ja su zuwa asibiti a Kano. Aka ɗauki hoton bayanta, likita ya ce garkuwar jikinta ce, wadda ya kamata ta kare ta daga cuta, ta juyo tana cinye rigar jijiyoyin lakarta. Ciwon yana zuwa yana tafiya, amma duk zuwan da ya yi sai ya tafi da wani abu. Lokacin da na baro gida, Saude bango take dafawa daga ɗaki zuwa madafi.

Da na samu gurbin karatu na shekara biyu a ɗakin gwajin da ke binciken irin wannan ciwon, garinmu ya yanke hukunci: Likita ta tafi ɗauko wa Saude magani. Na ji ana faɗa, ban ƙaryata ba. Kirarin ya yi mini daɗi, gaskiya ke nan.

Takardar da aka aiko mini ta ce bincike zan yi. Da na je, mataimakin farfesan da ke shugabantar wurin, wani dogo mai yawan duba agogo da kowa ke kira Dokta, ya dube ni daga mayafi har takalmi, ya tura ni ɗakin ɓeraye. Shi ma a ƙarƙashin ƙasa yake. Wata huɗu ina wanke keji, ina kwashe kashin ɓera, ina zuba musu dusar katako. Ni da a gida in na ga ɓera muciya nake nema, ga ni ina auna masa abinci a sikeli, ina duba ko ɗakinsa ya yi masa ɗumi. Nawa ɗakin ba wanda ya taɓa tambaya.

Mai kula da ɓerayen wata tsohuwa ce, Zora, gajeriya, mai hannu kamar na masu sussuka. Turancinta bai fi cikin cokali ba, ni kuma harshensu ban san ko gaisuwa ba. Sati guda tana kallon takalmina yana jiƙewa da dusar ƙanƙara. Rana ta takwas na tarar da takalmin sanyi a kan kujerata, tsoho ne amma an goge shi, da safa biyu a ciki. Na je yi mata godiya, ta daka mini tsawa wai na bar ƙofar keji a buɗe. Daga baya, da ta lura burodi da shayi kawai nake ci saboda tsoron naman alade, sai ta sayi sabuwar tukunya, ta kawo ta da takardar kanti manne a gindi don in gani da idona, ta riƙa dafo mini wake a ciki.

Sanyin farko ya kusa kashe mini zuciya. Ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu. A jirgin ƙasa na cikin gari kujerar da ke kusa da ni ita ce ta ƙarshen cika, wani lokaci har in sauka ba wanda ya zauna. Ba a zage ni ba, ba a kuma gaishe ni ba. Abin da na fi kewa ba tuwo ba ne, ko da yake shi ma na yi mafarkinsa. Sallama na yi kewa, a buɗe baki daga zaure a ce ko da mutane a ciki.

Da sanyi ya fara sauƙi aka ba ni aikin gaske. Ga yadda yake. Ana yi wa ɓeraye masu lafiya wata allura da ke sa garkuwar jikinsu ta far wa lakarsu, kwatankwacin abin da ke damun Saude. Bayan kwana goma da 'yan kai, sai wutsiya ta saki. Sai tafiya ta karkace. Sai ka zo da safe ka tarar ɓera yana jan ƙafafun baya a ƙasa, yana miƙa wuya bai kai ga ruwa ba. Ranar da na fara ganin haka na shiga banɗaki na kulle, na yi kuka mai isata.

Rabin ɓerayen muna yi musu allurar wani magani na kashe ƙwayar bairos, irin wanda a gida ake ba masu zazzaɓin Lassa. Ba don bairos ne ya kwantar da su ba, sai don an lura maganin yana kuma rage zafin garkuwar jiki. Kafin Zora ta bar ni in taɓa kwalbar, sai da ta nuna cikina da yatsa, ta ce, "Jariri?" Na yi dariya, na ce ko miji babu. Ba ta yi dariya ba. Ta nuna mini gargaɗin da ke jikin takardar: mai ciki ko kusa kada ta zo, yana lalata ɗan tayi, yana kuma farfasa jini.

Nawa ɓangaren a cikin lakar yake. Idan jijiya ta ji rauni, ƙwayoyinta kan zubar da wani sinadari waje, garkuwar jiki kuwa tana jin sa kamar ihun gobara, sai ta yi caa a wurin, kumburi ya ƙaru. A jikin ƙwayoyin laka akwai wasu ƙananan ma'aikata da ake kira enzayim, aikinsu su datse wannan sinadarin su mayar da shi wani mai kwantar da tarzoma. Ni aka ce in gano ko maganin yana ƙara musu himma ko yana rage musu. Ba kuwa yadda za a gano sai an ciro lakar. A sa wa ɓera maganin barci mai nauyi wanda ba ya tashi daga shi, a buɗe gadon baya, a zaro ta fara sol, siririya kamar silin taliya. In niƙa ta a kan ƙanƙara, in raba a 'yan ƙananan kwalabe, in ɗiga ruwan gwaji. Sai ruwan ya koma kore. Iya duhun koren, iya aikin da enzayim ɗin ya yi. Wata da watanni rayuwata ke nan, auna duhun kore.

Duk Juma'a da hantsi nake kiran gida a wayar Iro, don ita ce mai nuna hoto. Shi zai kai wa Saude, in Inna ta zo duba ta mu gaisa gaba ɗaya. Tambayar ba ta canjawa.

"Likita, ya aikin? An kusa?"

"Ana nan ana yi, Malam Iro."

"To madalla. Allah Ya dafa."

A kaka ta biyu, lokacin da a gida ake cire gyaɗa, na kira na tarar da Saude tana kuka. Ta faɗi a bakin murhu, ruwan zafi ya taɓa mata cinya, ba ta ma ji ba sai da ta gani. Ta ce, "Yaya, ni fa na gaji. Mata suna tafiya roron gyaɗa, ni ina zaune kamar turmi."

A lokacin akwai wani ɓera cikin masu karɓar maganin, Zora ta ɗiga masa shuɗin fenti a wutsiya. Na ɗauke shi bidiyo a waya ranar da yake jan ƙafa, ko da yake an hana shiga da waya ɗakin. Bayan sati guda na same shi tsaye a kan ƙafafun bayansa yana shan ruwa, na sake ɗauka. Na haɗa biyun na tura wa Iro, na ce ya nuna wa Saude. Na yi magana a ciki: "Kin gani ko? Ana nan ana aiki. Kada ki karaya."

Akwai abin da ban faɗa ba. Irin waɗannan ɓerayen ko ba a ba su komai ba suna miƙewa da kansu, bambancin kawai masu karɓar magani ciwon bai cika kayar da su warwas ba. Kuma tun kafin ciwon ya bayyana muke fara yi musu allurar. Akwai kuma abin da ban lura da shi ba: kwalbar maganin tana kan tebur a bayan kejin, sunan maganin yana kallon waya, ɓaro-ɓaro.

Ni da aka haifa a garinmu bai kamata wannan ya wuce ni ba. A wurinmu ba a yar da kwalin magani. In wani ya sha ya ji daɗi, kwalin ake ara, a ƙulle a bakin zane, ranar kasuwa a miƙa wa mai kemis a ce a ba da irinsa. Sau nawa Inna ta aike ni Ɗanbatta da kwalin maganin wata maƙwabciya? Yanzu da waya ta zo, hoto ake nunawa. Na san wannan kamar yunwar cikina, amma shekara ɗaya a cikin mutanen da ba sa shan ko maganin mura sai da takardar likita ta sa na manta.

Sati biyar bayan nan na kira kamar kullum. Iro yana masussuka, ya bar wayar a gida, Inna ce ta ɗauka. Muka gaisa, na tambayi jikin Saude.

"Da sauƙi. Ke, dama ina son tambayarki. Maganin nan naki haka yake sa mutum haki?"

"Wane magani, Inna?"

"Wanda kika turo mana. Na ɓeran nan."

Na zauna a bakin matakalar ɗakin gwaji.

"Inna, ban turo magani ba."

"A'a, ai Iro ya nuna a kemis ranar kasuwa. Suka ce ba su da shi, sai da aka aika birni. Ya sha wuya kafin a samo, bawan Allah. Kafso ne, safe da yamma."

"Tun yaushe?"

"Ai an kwana biyu. Tun ba a gama ɗaurin dawa ba."

Na ce ta ja fatar idon Saude ƙasa ta gaya mini launin ciki. Ta ce fari fat. Na tambayi fitsarinta, ta ce kamar shayi ba madara. Sai Inna ta rage murya, na ji ta matsa daga bakin ƙofa.

"Ni abin da ma ya dame ni, ga ta ba ita kaɗai ba."

"Wata nawa?"

"Ya kai huɗu."

Shekara shida Saude tana jiran wannan cikin. Ba wanda ya gaya mini, don cikin fari ne, ba a maganarsa sai ya fito ya faɗi kansa. Iro ba zai iya buɗe baki ya gaya wa yayar matarsa ba, balle wani mai kemis a tsakiyar kasuwa. Shi ma mai kemis ɗin bai tambaya ba.

A rayuwata ban taɓa ɗaga wa Inna murya ba sai ran nan. Na ce a zubar da maganin, a'a, kada a zubar, a tafi da kwalin. A nemo mota yanzu-yanzu, kada a tsaya a Ɗanbatta, a wuce Kano. Aka kirawo Iro daga masussuka, ya zo yana haki, ƙaiƙayi a gemunsa.

"Malam Iro, don Allah me ya sa ba ka tambaye ni ba?"

"Likita, na ga aiki ya yi miki yawa, ga ki a ƙasar mutane. Cewa na yi in bari sai ta miƙe, in ɗauko miki ita tana tafiya, kamar yadda kika ɗauko mana."

Na ce su yi maza su kama hanya.

Na hau sama wurin Dokta, na gaya masa komai, ina neman ya haɗa ni da likitan da ya san maganin. Ya saurara har ƙarshe. Tambayarsa ɗaya ce: sunan ɗakin gwajinmu ya fito a bidiyon? Na ce a'a. Ya ce to in goge shi, in kuma tuna akwai ɓeraye shida da za a cire wa laka kafin ƙarfe biyu. Na tsani mutumin nan a ranar, har yau kuma ban fasa ba.

Zora ce ta tarar da ni a ɗakin ɓeraye ina ƙoƙarin sa safar hannu ta ƙi shiga. Da guntun Turancinta da hoton Saude a wayata ta gane. Ta cire mini farar rigar, ta sa tata rigar sanyi, ta ja ni da hannu muka tsallaka titi zuwa asibitin da ke kallonmu. Ta yi ta faɗa da masu gadi da harshensu har aka fito mana da wata likitar jini. Matar ta zauna ta rubuta da Turanci abin da za a auna da abin da za a kiyaye, na ɗauki hoton takardar na tura Kano. Ɓerayen shida kuwa Zora ce ta koma ta yi aikinsu, ta rubuta sunana a takardar.

Sai da aka ƙara wa Saude jini har sau uku. Iro ya bayar, ƙannensa biyu suka bayar. Rana ta uku a asibiti cikin ya zube. Likitan da na yi magana da shi bai ce maganin ne ba, bai kuma ce ba shi ba ne. Inna ta ce namiji ne, an gane.

Na jira a zage ni. Da an zage ni da na samu sauƙi. Maimakon haka Iro ya kira yana ba ni haƙuri, wai ya ɓata mini aiki, wai ƙila shi ne bai iya bayar da maganin daidai ba. A gari kuwa magana ta tsaya a kan cewa jabu aka sayar masa a birni, na gaskiyar yana can wurin Likita. Har wata gwaggonmu ta aiko a gaya mini mijinta ma ƙafa tana damunsa, in zan dawo in riƙo masa.

A ɗakin gwaji aiki ya yi kyau. Koren kwalaben masu karɓar magani ya bambanta da na sauran, Dokta ya yi murmushin da ban taɓa gani ba, ya ɗauki zanen da na yi wata tara ina haɗawa ya tafi taro da shi, sunansa a gaba. Ban ko yi masa magana ba. Abin da bambancin yake nufi ga ɓera ma ba mu gama sani ba, balle ga mace mai shekara ashirin da shida a ƙauyenmu.

Sai da aka sallamo Saude da sati biyu na samu ƙarfin cewa a ba ta wayar, kowa ya fita. Tana kwance, fuskarta ta zama 'yar mitsitsiya. Tun kwanciyar asibiti ƙafafun duka biyu suka daina ɗaukarta.

Na ce, "Saude, ki saurare ni, kada ki katse ni. Ni ba likita ba ce. Ban taɓa warkar da kowa ba. Ɓeran da kika gani, ko ba magani zai tashi, haka irinsu suke. Mu muke sa musu ciwon da hannunmu, kuma washegarin ranar da na ɗauke shi ni na kashe shi na ciro lakarsa. Abin da nake yi a nan, in ma zai amfani wani, ba bana ba ne, ba baɗi ba, ƙila ba a zamaninmu ba. Ba ni da maganinki. Ban taɓa samunsa ba, kuma ba da shi zan dawo ba."

Ina jin awaki a tsakar gida, da wata tana daka can nesa.

"Iro ya sani?"

"Ke na fara gaya wa."

"Kada ki gaya masa yanzu. Bai gama da na yaron ba."

"To."

Ta gyara kanta a kan matashi da ƙyar. Ba ta yi kuka ba, ni ce nake yi.

"Yaya, tunda babu, ki dawo gida mana. Iro yana gona tun safe, Inna ce take ɗaga ni in zan zaga. Jiya mu biyu muka faɗi. Bayanta ba zai iya ba."

Na ce to, zan dawo.

Wata bakwai ya rage mini in karɓi takardar da na je nema. Na zauna a ɗakina na ƙarƙashin bene na yi ta juya maganar. Na ce in na tafi yanzu wahalar ta tashi a banza. Na ce da takardar zan fi yi musu amfani. Na samo dalilai masu kyau har guda biyar, ba kuwa wanda ya tambaye ni ko ɗaya. Ranar Litinin na sa farar riga na koma wurin ɓeraye.

Na gama, na ci jarrabawa, aka tafa mini. Duk tsawon watannin nan bakwai, safe da rana da yamma, Inna ce ta ci gaba da ɗaga ta.